Kwanon Makullai

Ranar da sunan Yawuba ya fito a allon sakamako
ya tsaya bakin shagona yana sosa ƙeya.
Wai 'yan ajinsu za su yi shagali
can hayin gadar Binuwai,
gidan wani yaro da iyayensa suka tafi Ngaundare.
Na ajiye almakashi.
Na ce gidan da babu babba kango ne mai rufi.
Ku zo nan Yelwa.
Tsakar gidan da ya ɗauki taron sunan ƙannenka uku
ba zai gaza ɗaukar rawarku ba.

Kwana biyu yana kumbura fuska.
A na uku ya kawo takarda, suna ashirin da huɗu.
Na ce wanda babu shi a nan, ya gaida gida.

Dudu ta dafa folere, ta ɗura a kwalabe masu murfi,
kowa ya buɗe tasa da hannunsa.
Na ji tana gaya wa 'yan matan:
kwalbar da kika ajiye kika juya baya
ta zama ta ƙasa,
zo ki karɓi wata, ba kuɗi ba ne.

Ni kuwa zaure na tare,
da tocila, da rediyon da ba na saurare,
da kwanon shan ruwa a gabana.
Duk mai babur, makulli a kwano.
Sun yi dariya, sun kira ni ɗan kwastan.
Na ƙirga: bakwai.

Kiɗan bai yi mini daɗi ba,
amma ai ba don ni aka kunna ba.
Ban leƙa ba sai sau biyu.
To, sau huɗu.

Sha ɗaya saura, Hamajoda ya zo karɓar nasa,
ido ja kamar gauta,
harshe ya yi masa nauyi a baki.
Ba folere ne ya yi wannan aiki ba.
Tiramol ba ya ƙara a aljihu,
ba ya kuma bin takardar sunaye.
Na ce bi gefen tabarmar nan ka dawo.
Taku uku, bango ya tare shi.

Ban mare shi ba. Ban yi wa'azi ba.
Na kwantar da shi ta gefe,
na aika a taso Maipa, maƙwabciyarmu mai aikin asibiti,
sannan na kira uwarsa:
ɗanki yana hannuna, yana numfashi, taho a hankali.

Yawuba ya zo kaina yana huci:
Baba, ka kunyata ni a gaban mutane.
Na dube shi.
Ban gaya masa cewa Sali, ƙanena,
shekararsa goma sha bakwai
daren da ya taso daga irin wannan taro
ya kama hanyar Pitowa,
babu wanda ya tare shi a ƙofa.
Ban gaya masa babur ɗin nawa ne ba,
ni na miƙa makullin, har da wasa.

Sha biyu aka kashe kiɗa.
'Yan mata bibbiyu, kowace da mai rakiya da na san ubansa.
Wanda ya isa gida ya bugo.
Waya na kuka, ina soke suna da allin ɗinki:
Dijatu ta isa. Taiwe ya isa. Asta da ƙanwarta.
Na ƙarshe sai ɗaya da kwata,
wai caji ne ya ƙare.

Garwa ta yi shiru, sai kwaɗi.

Da asuba makulli ɗaya ya rage a kwano.
Mai shi ya sha kunun gyaɗa kofi biyu,
ya ɗauka, bai iya haɗa ido da ni ba.
Yawuba na sharar murafan kwalabe.
Bai ce komai ba,
amma ya kawo mini shayi har zaure,
sukari daidai yadda nake so.

Dudu ta wanke kwanonta
ta mayar da shi kan randa.